Shekarar da Teku Ya Ƙi Hucewa

A Birchi ta ƙasar Kurfi, in ka ce Maniru ba kowa zai gane wanda kake nufi ba, amma in ka ce Na-Teku har mata a cikin gida sun san shi. Sunan kuwa ba na yabo ba ne. An laƙaba masa shi ne don duk hirar da aka ɗauko, ko ta jaki ce ko ta gishiri, sai ya san yadda ya yi ya kai ta bakin teku.

Tun yana saurayi, ana saura kusan shekara goma a sami 'yancin kai, ya bi wani kawunsa na Dutsin-Ma mai fataucin shanu. Suka kora dabbobi zuwa Funtuwa, aka loda su a jirgin ƙasa, sai Ikko. Kawu ya sayar ya juyo gida. Maniru ya ce zai ɗan tsaya ya ga gari. Tsayawar ke nan ta fi shekara goma. Ya fara da dako a Apapa, daga nan wani jirgin ruwa na kaya ya rasa ma'aikaci aka ɗauke shi, ya zama yau yana Ikko, gobe Takoradi, jibi Dakar, daga can a miƙa har Ingila.

Aikinsa wanke dandamalin jirgi ne da kankare tsatsa da shafa fenti. Amma akwai wani ɗan aiki da ya fi tsaya masa a rai. Sau da yawa a yini, mataimakin kyaftin, wani dogon Bature da ma'aikata ke kira Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa, yakan sa Maniru ya zura gugan tamfol cikin teku ya jawo ruwa. Sai Baturen ya tsoma wani tsinken gilashi mai auna zafi a ciki, ya ɗan jira, ya duba, ya ce a zubar.

Maniru ya daɗe yana wannan jan guga bai ce komai ba. Ran nan dai ya kasa daurewa, ya haɗa ɗan Turancin da ya tsinta a tashar jiragen ruwa ya tambaya.

"Maigida, ruwan nan ba sha muke ba, ba wanka ba. Mene ne amfanin sanin zafinsa?"

Mai Lofe ya yi dariya. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, jirage da yawa haka suke yi, su aika wa masu nazarin yanayi a ƙasarsu. Ya ce shi ɗan manomi ne, ubansa na kiwon tumaki a kan tsaunuka, kuma can ruwan sama da ƙanƙara a lokacin sanyi suke zuba. Wata shekara su yi yawa har tumaki su halaka, wata shekara su yi kaɗan. Masana na zaton ɗumi ko sanyin wani teku mai nisa, wanda uban nasa bai taɓa gani ba, yana da hannu a ciki.

"Teku kamar tukunya ce a kan murhu," in ji shi. "Tururi na tashi, iska ta ɗauka ta kai inda za ta kai. In tukunyar ta canja, abin da ke sauka a gonar wani ma sai ya canja."

"To mu fa? Garinmu tafiyar kwana da kwanaki ne daga nan."

Bature ya nuna ruwan da ke cikin gugan da bakin lofensa. "Ku ma naku daga nan yake tashi."

Tun daga ranar Maniru ya fara sa hannu cikin gugan kafin ya zubar. In jirgi ya tsaya a Takoradi ta ƙasar Gwanja yakan shiga zango wajen 'yan uwa Hausawa masu goro, ya kuma zaga bakin ruwa wajen masunta. Su suka gaya masa cewa kowace shekara, daidai lokacin da damina ke kankama a arewa, ruwan tekunsu yakan huce, ya yi sanyi, ƙananan kifaye su taso bila adadin, ruwan sama kuma ya ɗauke musu na ɗan lokaci.

Wata shekara sanyin ya yi yawa, hannu ya shiga guga kamar ya shiga randa da asuba. Kifi ya yi arha har ana zubarwa, bakin teku ya bushe ƙamas. Da Maniru ya sami hutu ya zo gida da kaka, sai ya tarar an rasa inda za a sa hatsi, ana ta ginin sababbin rumbuna, ana kuma gyaran katangun da marka ta rusa. Bayan wasu shekaru aka sami akasin haka. Teku ya ƙi hucewa, masunta suna dawowa da jirage wayam, ruwan sama kuwa a bakin teku kamar da bakin ƙwarya. A wannan shekara labarin da ya iske daga gida shi ne damina ta zo a makare ta tafi da wuri, dawa ba ta cika ido ba.

Ya kai wa Mai Lofe wannan magana. Baturen ya cire lofe daga baki, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce mai yiwuwa ne. Iska mai ɗauke da ruwa tana bin inda ya fi zafi. In ƙasar arewa ta gasu, teku kuma ya yi sanyi, sai ta taso da ƙarfi ta yi nisa. In teku ma ya yi ɗumi, sai ta yi kasala ta sauke kayanta tun a bakin gaɓa.

"Amma zato ne," ya ce. "Shekara biyu ba ta isa a kafa hujja ba. Waɗanda suka fi ni karatu ma lalube suke."

Rasuwar mahaifinsu ce ta dawo da Maniru gida gaba ɗaya. Ya auri Saudatu, 'yar wani gida na manoma a Rawayau, ya shiga gandun gidansu ƙarƙashin yayansa, Malam Abdulƙadir, wanda ya gaji limancin unguwa da makarantar mahaifinsu. Malam mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar cewa i, ba ya gaggawar cewa a'a. Shi ke yanke abin da za a shuka a kowace gona, shi ke riƙe da ikon buɗe rumbu. Maniru ya koma riƙon hauya kamar bai taɓa barinta ba. Labarin teku ya zama abin hira a gindin durumi, a saurara a yi dariya a watse.

Aka yi 'yan shekaru damina na zuwa lafiya lau. Sai shekarar nan da yaƙi ke ci a kudancin ƙasa. Ruwan fari ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi aka yi shuka, tsiro ya fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi tsit. Rana ta buɗe, tsiron ya lanƙwashe, ya bushe, iska ta share shi. Ya zama dole in ruwa ya dawo a sake shuka, ga lokaci ya ja.

Ana cikin wannan zaman jira Maniru ya je kasuwar Dutsin-Ma sayen ruwan garma. A rumfar masu goro ya ji an ƙwala masa kira da sunan da ba a san shi da shi ba a nan.

"Maniru na jirgi! Kai ne ko idona?"

Atiku ne, wani bafataken goro ɗan Dutsin-Ma da suka saba a zangon Takoradi. Bai daɗe da sauka daga mota ba, ƙurar hanya ma ba ta bar rigarsa ba. Suka rungume juna, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi wane da wane na zango.

"Kai dai bari," in ji Atiku. "Bana ruwa ya hana mu sakat. Hanyoyi sun yanke, gadoji sun tafi, goro na ruɓewa a cikin huhu. Na baro ana tsuga shi ba dare ba rana."

Maniru ya katse shi. "Masunta fa? Kifi ya taso?"

"Wane kifi? Kuka suke. Sun ce teku ya ƙi hucewa, ruwan kamar wanda aka sirka wa mai jego."

Maniru ya manta da ruwan garmar da ya zo saye. Ya hau kekensa ya kama hanyar Kurfi, yana tafe yana duban kudu maso yamma, inda iskar bazara ke fitowa. Tana busowa, amma ba nauyi a jikinta.

Ya iske Malam a zaure bayan la'asar tare da maƙwabcinsu Ya'u, wani manomin gyaɗa mai baki da son raha. Maniru ya durƙusa ya gaida yayansa, sa'an nan ya zayyana abin da ya ji da abin da ya taɓa gani. Ya ce shawararsa, in ruwa ya dawo kada a mai da dawa kaura da gyaɗa a manyan gonaki kamar yadda aka saba, don suna son doguwar damina. A shuka gero mai saurin nuna da wake. Hatsin bara da ke rumbu kuma, wanda 'yan kasuwa ke ta zarya a kansa saboda yaƙi ya sa ya yi daraja, a bar shi inda yake.

Ya'u ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Na-Teku ke nan! Yanzu don kifi ya ƙi shiga koma a ƙasar Gwanja sai mu fasa gyaɗa a Birchi? Kai, kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Teku kau ka ce yana kudu. Ta ina suka haɗu?"

"Hadari daga gabas yake haɗuwa, gaskiya ne," in ji Maniru. "Amma kafin ya haɗu wace iska ke kaɗawa? Ba ta kudu ba, mai sa gishiri ya jiƙe a cikin ƙwarya? Ita ke kawo kayan, gabas ɗinki kawai take yi."

Malam bai yi dariya ba, bai kuma gyaɗa kai ba. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Maniru, saukar ruwa na cikin abubuwan da Allah Ya keɓe wa kanSa saninsu. Ina tsoron ka shiga hurumin da ba naka ba, ka kuma ja mutane su bi ka. Me ya raba wannan da maganar masu duba?"

Maganar ta soki Maniru. Ya sunkuyar da kai. "Yaya Malam, ni ban ce na sani ba. Wanda ya koya mani ma cewa ya yi zato ne. Sau biyu na gani da idona, shi ke nan abin da gare ni."

"Sau biyu," in ji Malam. "To, tashi ka je. Zan duba."

A cikin gida Saudatu ta ga fuskarsa ta san an yi wani abu. Da ya gaya mata, ba ta tsaya kan maganar teku ba sam. Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar tukunya da aka liƙe bakinta da laka, ta fasa, ta zubo masa iri a tafin hannu, gauraye da toka.

"Geron Innarmu ne," ta ce. "Gajere muke ce mashi. Kansa bai kai na geron zango tsawo ba, shi ya sa maza suka raina shi, amma kafin zango ya yi bunni shi an fara cin tumunsa. Ni nake shuka shi a gayaunata, 'yar gonar da aka ware mani. Wannan ba zai isa gandu ba, amma Inna na da shi, ƙawayenta ma na da shi."

"In Malam bai yarda ba fa?"

"Sai mu shuka a tawa da taka. Wa zai hana?"

Washegari da hantsi Malam ya aika a kira Maniru. Ya same shi a bakin gonar gandu, yana tsaye yana murza busasshiyar ƙasa a hannu.

"Na juya maganarka," in ji Malam. "Mace in ta ga gabas ta yi baƙi ta kwashe shanyarta, ba wanda zai ce ta yi duba. Alama ta gani. Mahaifinmu ma yakan dubi fitar ganyen gawo da zuwan shamuwa. Taka alamar dai ta fi nisa ne, kuma ban san ƙarfinta ba. Wanda Ya halicci iskar Shi Ya halicci tekun, in Ya ga dama Ya ɗaura ɗaya a jikin ɗaya." Ya karkaɗe hannunsa. "Ga abin da za a yi. Babbar gona da ta tudu a sa geron da wake. Ta fadama a bar mata kaura, don in zatonka bai faɗa ba kada mu tashi a tutar babu. Rumbu ba za a buɗe wa 'yan kasuwa ba. Amma da sharaɗi."

"Ina ji, Yaya Malam."

"Duk wanda ya tambaye ka, kada ka ce za a yi kaza. Ka ce ana zato, Allah ne Masani. Kuma jibi za a fita roƙon ruwa, ina son in gan ka a sahun gaba."

"Ko ba ka faɗa ba zan je."

Saudatu ta tafi Rawayau da kanta, don Maniru ba zai iya tsayawa gaban surukarsa yana roƙon iri ba. Ta bi gida gida wajen tsofaffin mata, wannan ta ba da ƙwarya guda, waccan rabin ƙwarya, kowace da alkawarin za a mayar mata da kaka. Ta dawo da jaki ɗauke da taiki. Gidaje kaɗan a Birchi, galibi masu jin maganar Malam, suka karɓi abin da ya ragu. Sauran suka ce su ba za su bar abin da suka gada ba saboda kifin Gwanja.

Aka fita roƙon ruwa. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya dawo, aka sake shuka.

Sai kuma abin ya zo wa Maniru ta inda bai zata ba. Da marka ta kama, ruwa ya zauna sosai. Dawar Ya'u ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta fi mutum tsawo, gyaɗarsa ta rufe kunya. Gajeren gero kuwa ga shi nan tsugune a babbar gonar gidan liman, abin tausayi in an gwada da na maƙwabta. Ya'u in ya wuce sai ya ɗaga murya.

"Na-Teku, a aika wa masunta su zo su ga fari!"

Maniru ya daina zama gindin durumi. Abinci ma ya rage ci. Abin da ke cinsa ba dariyar ba ce, tunanin ya sa yayansa ya yi asarar shekara guda a gona mafi kyau, ga iyali masu yawa. Ran nan suna maimai ya tsaya ya jingina da hauya.

"Yaya Malam, ina ganin na sa ka a kuskure."

Malam bai ɗago ba. "Ni na yanke, ba kai ba. In ruwa ya kai ƙarshe, mun gode Allah, mutane sun samu, mu ma ba za mu kwana da yunwa ba. Kana so a yi fari ne don a ce ka yi gaskiya?"

"Subhanallahi, a'a."

"To kama noma."

Wannan tambaya ta sauke masa wani nauyi. Daga ranar ya koma roƙon Allah Ya ƙaryata zatonsa, da zuciya ɗaya.

Gero ya yi bunni, ya ƙosa, aka ci tumu, aka shiga girbi. Ana cikin ɗaurin dammuna ruwa ya ɗauke. Da fari an ɗauka hutu ne irin na kullum. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi. Aka wayi gari, aka sake wayewa, shiru. Dawa ta yi ciki tana shirin fid da kai, sai ganye ya fara naɗewa. Ƙasa ta ƙame a kan gyaɗa tun ba ta yi ƙwaya ba. Kaurar fadamar gidan liman ta ba da ɗan abin da ta ba da, ta tudu kuwa a gonakin mutane mafi yawanta kara aka samu.

Ba ko'ina abin ya yi tsanani haka ba. Wajen Dabawa sun sami wani ruwa guda mai ƙarfi a ƙarshe wanda ya tsallake Birchi, dawarsu ta yi kyau. Da aka kawo wa Maniru wannan labari don a ji me zai ce, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi. Ai na gaya maku ban san kan abin duka ba. Teku na da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne."

Da rani ya fara shiga, hatsi ya yi wuya a kasuwa. Malam ya sa aka buɗe rumbun bara. Ba a yi shela ba. Gidan da aka san tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba, sai a ga an shiga da dami da sassafe an ajiye. Sauran gidajen da suka shuka gajere su ma suka riƙe danginsu. Aka sha wuya, an sayar da awaki, samari da dama sun tafi cin rani tun kafin lokaci, amma ba gidan da ya tashi, ba a kuma binne kowa saboda yunwa ba.

Ya'u bai zo da kansa ba sai da aka kwana biyu da kai masa dami. Ya yi sallama a ƙofar Maniru, ya zauna a kan tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar keke, ya tambayi lafiyar jaki. Can ya cire hula ya sosa kai.

"Wai shi tekun nan, da gaske ba a hango ƙarshensa?"

"Da gaske."

"Ikon Allah." Ya mai da hula. "To ni ba teku ya kawo ni ba. Irin nan na gidanku nake so, ko rabin ƙwarya ne. Gyaɗa dai ba zan bari ba, kada ka sa rai. Amma zan ware mashi gefe."

"Iri ba nawa ba ne," in ji Maniru. "Sai ka tambayi masu shi."

Saudatu na jin su daga tsakar gida, inda ta baje kawunan geron da ta zaɓa tun a gona, masu cikar ido, tana ware na mayar wa tsofaffin Rawayau. Ta ɗaga murya ta bayan zana.

"A gaya wa Malam Ya'u ya turo 'yarsa Kulu da ƙwarya. Amma da kaka ƙwarya biyu zai maido, don gidaje da yawa sun riga shi tambaya, kuma baɗi ina son kowa ya samu."

Ya'u ya ce ya ji ya yarda. Bai tashi ba sai da aka kawo fura, ta sabon gero, ya shanye ya ce a ƙaro.